Amanar Jama'a: Jarin Da Ba Ya Cikin Kasafin Kuɗi

Abin da masana ke kira jarin zamantakewa shi ne amana da zumunci da ƙa'idojin cuɗanya waɗanda ke sa jama'a su haɗa ƙarfi a kan aikin da ya gagari mutum ɗaya. A ƙasar Hausa ana ganinsa a gayya, inda maƙwabta ke taruwa su nome gonar ɗayansu ba da lada ba, da kuma adashe, wanda mata da 'yan kasuwa ke zubi suna kwasa bi da bi ba tare da jingina ko takardar shaida ba.

Tarihin rigakafin shan inna ya nuna nauyin wannan jari fiye da kowane nazari. A shekarar 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin bisa zargin cewa an gurɓata maganin, zargin da ya samu gindin zama saboda jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Akwai kuɗi, akwai magani, akwai ma'aikata, amma ƙofofin gidaje suka kasance a rufe, kuma kafin a shawo kan lamarin cutar ta bazu har Yaman da Indonesiya. Ko da aka koma aikin a 2004 tafiyar ba ta miƙe ba, sai da sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamitinsu a 2009, hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka riƙa shiga gaba, wasu sarakuna ma suna ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka.

Abin takaici, hukumomi ba sa tuna waɗannan mutane sai tura ta kai bango, kuma rabon kuɗin siyasa ya koya wa matasa cewa ko yashe magudanar ruwan unguwarsu sai an biya su. Wannan jarida tana kira ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da su zauna da masu unguwanni da ƙungiyoyin taimakon kai da kai tun lokacin tsara aiki, kafin a ba da kwangilar rijiya ko asibiti ko makaranta.