Kafin a Sauke Giyabos

Maganarmu ta wannan makon daga gareji ta fito.

Mu mutanen Matsinkai da kewayen Bagudo, tsofaffin jif su ne ƙafafunmu: 4Runner, Prado, Pathfinder, galibinsu 'yan Kwatano da suka shigo kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a Janairun 2017. Su ke kai mu kasuwar Tsamiya, su ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare. In ɗaya ta kwanta, unguwa guda ke shiga wahala.

Akwai ciwon da ke yawan kama masu giyar otomatik. Mota ta hau kwalta, ta shiga giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai ta ƙi shiga ta huɗu, wadda ake rubuta wa O/D. A giyabos ɗin A340 na tsofaffin Toyota, in tana ta huɗu injin zai juya kusan sau 7 furofela ta juya sau 10. A ta uku kuwa goma da goma ne. Shi ya sa injin ke ta kuka, tanki na zurarewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan asara ta fi ƙarfin talaka.

Da ka isa gareji, abin da za ka fara ji shi ne: “Sai an sauke giyabos.” Mu dai ra'ayinmu, sauke shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe.

A fara da maɓallin O/D da ke jikin sandar giya. In fitilar O/D OFF na kunne, wataƙila hannu ne ya danne shi. In tana ƙiftawa, kwamfutar motar ce ke kai ƙara. A duba man giya injin na aiki, ya ɗau zafi, mota a wuri mai daidai. Ja mai haske lafiya ne. In ya koma kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kuma mun san irin ruwan da muke kutsawa da damina a bakin Kwara.

Sai tamostat, wanda bakanikenmu suka saba cirewa wai ƙasarmu da zafi. Tsofaffin Toyota ba sa yarda su shiga ta huɗu sai ruwan lagireto ya ɗau ɗumi. Babu tamostat, ga sanyin hunturu da asuba, mota za ta daɗe tana jira. Sensar zafin ruwa in ta lalace, haka za ta yi wa kwamfuta ƙarya. Bayan nan a duba sensar gudu, da wayoyin da laka ko ɓera ya ci, da solenoyid, wanda ake kaiwa gare shi ta buɗe farantin ƙasa kawai. Motocin Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike. Lambar P0500, misali, sensar gudu take nunawa. A tsallake duk wannan a farke giyabos, an bar jaki ana dukan taiki.

Gaskiya ne, wani lokacin cikin ne ya ƙone. In mai ya yi baƙi yana warin ƙuna, mota na zamewa, to a sauke, babu gardama.

Amma mu masu mota ma da namu laifin. Bakanike ya yi awa biyu yana bin waya ya gano tsinkewa, sai mu ce ai bai yi komai ba, mu ba shi na goro. Wanda ya baje ƙarafa a ƙasa kuwa, mu sayar da buhunan shinkafa mu biya shi. Mu muka koya masu cewa bincike ba ya kawo abinci.

Mu riƙa biyan kuɗin bincike daban, kuma kafin a taɓa sifana mu tambaya: “Malam, me ka gwada, me ka gani?” Allah ya sa mu dace.