Waifar Tsohuwar Mota: A Auna Kafin A Saya

A makon jiya na ziyarci wani dattijo a nan Jalingo, wanda ya shafe wata takwas yana farfaɗo da wata tsohuwar Peugeot 504 mai ƙofa biyu, watau irin wadda ake kira Kufe. An gyara inji, an yi fenti, an ɗinka kujeru, amma ranar da ruwan farko ya sauka sai ga maigidan a gefen hanyar Wukari yana share gilashi da hularsa. Waifar da yaron makaniki ya sayo masa shara biyu ta yi, hannunta ya kwance ya faɗi.

Asalin kuskuren shi ne zaton da yawancinmu ke yi, wai 504 duk ɗaya ce. Wadda aka fi sani, wadda aka yi ta haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975, mai ƙofa huɗu ce. Ita kuwa Kufe, wadda ta fito a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Suna ɗaya, amma jiki daban, gilashin gaba daban. Saboda haka wanda ya tsaya gaban mai shago ya ce "ba ni waifar 504", bai faɗi kome ba tukuna.

Abin da ya kamata shi ne a ɗauki tsohon hannun a tafi da shi kasuwa, ko da ya yi tsatsa. A auna tsawonsa da na robar. A duba ramin gindinsa, domin yana da ƙananan haƙora da ke kama ƙarfen da ke juya shi, kuma in faɗin ramin bai yi daidai ba, haƙoran za su cinye cikin kwana kaɗan. A duba bakinsa kuma: na zamani ƙugiya gare su, alhali kuwa na dā da yawa miƙaƙƙen baki ne da ake zurawa. Injin waifar shi ma yana da lamba a jikinsa, a kankare datti a kwafe ta. Masu motocin Ingila irin su MG su lura cewa kamfanin Lucas yakan buga adadin faɗin sharar a kan gargaren da ke cikin injin; in aka sa wanda ya fi faɗi, robar za ta riƙa dukan gefen gilashi.

Akwai kuma abin da matasan makanikai ba su riska ba. Sai ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Motocin da aka shigo da su kafin nan sitiyarinsu na dama, kuma a yawancinsu waifa na kwanciya ne ta ɗaya ɓangaren. In aka haɗa musu kayan mota mai sitiyari a hagu, sai a share wa fasinja gilashi, a bar direba da lungun da ba ya gani. Wanda ya taɓa hawan dutsen Mambila zuwa Gembu cikin ruwan Agusta ya san abin da wannan lungu ke iya jawowa.

Dattijon namu har ya yi shirin aikawa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sai aka zazzage buhun tarkacen garejin, aka tarar da hannuwan asali guda biyu lafiya lau. Roba kawai aka sake musu.