RA'AYINMU: Jif mai injin gas, a yi lissafi kafin a ɗora hannu a sitiyari

Duk wanda ke leƙa wuraren sayar da motoci 'yan Kwatano ya san irin jif-jif ɗin nan na alfarma masu shan man gas, wato dizal, waɗanda ake jerewa a sahun gaba: Volkswagen Touareg, Audi Q7, Porsche Cayenne, Marsandi ML da GL, BMW X5, Range Rover da makamantansu. Motar da sabuwarta sai dai manyan attajirai, ga ta bayan shekara goma ana yi mata farashin da ɗan kasuwa mai tasowa zai ce ai wannan banza ta faɗi. Dillali kuma yana gefe yana raɗa masa cewa, Alhaji, injin gas ai ba ya mutuwa. Mun ga ya wajaba mu yi magana a kan wannan, domin da yawa daga cikin 'yan uwa matasa rayuwarsu a jikin mota take: wani direba ne, wani bakanike ne, wani dillali, wani kuma ya tara ɗan jarinsa yana neman inda zai sa. Matsayinmu shi ne, arhar irin wannan mota bashi ne da mai ita na farko ya gudu ya bari, kuma wanda ya saya shi zai biya.

Maganar cewa injin gas yana da ƙarko ba ƙarya ba ce, amma a tambaya, wane injin ne ya jawo wa dizal wannan suna? Irin su gingimarin Marsandi 911 ne da iyayenmu suka yi fatauci da ita, da Pijo 504 mai gas, da kuma injin Toyota 1HZ mai silinda shida da aka soma sa wa Land Cruiser a 1990, wanda direbobin hanyar Agadas da ma'aikatan agaji suka san darajarsa. Waɗannan injuna famfo ne na ƙarfe da nozul, ba kwamfuta, ba wasu na'urori a salansa. Ƙarfinsu kaɗan ne, 1HZ mai lita 4.2 bai wuce ƙarfin doki 130 ba, don haka ba ya wahalar da kansa. In mai ya zo da ɗan datti zai yi tari ya wuce, in ya tsaya a daji bakanike mai sifana da guduma zai tashe shi. Jif ɗin alfarma na yau kuwa, injinsa mai lita 3 yana ba da kusan ninki biyu na wancan ƙarfi. Sunan ne kawai ɗaya.

Abin da ya canza lamarin shi ne dokokin hayaƙi na Turai. Hayaƙin dizal yana ɗauke da kunkunniya mai shiga huhu da wata iska mai guba, sai Tarayyar Turai ta riƙa tsaurara ƙa'ida mataki-mataki. Matakin Yuro 5 ya fara aiki a 2009, Yuro 6 kuma a 2014, inda aka rage adadin iskar mai guba da aka yarda mota ta fitar daga miligiram 180 zuwa 80 a kowace kilomita. Don a cika waɗannan sharuɗɗa kamfanoni suka yi ta rataya wa injin na'urori, kuma kowace na'ura ƙofa ce ta kashe kuɗi idan mota ta tsufa.

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, hanyar ba injin mai. Motar zamani tana da famfon da ke matse mai da ƙarfin da ya kai baa 1,600 zuwa sama da 2,000, alhali iskar da ke cikin tayar mota ba ta kai baa 3 ba. Ramukan nozul ɗin sun yi sirantar gashin kai, kuma man da kansa shi ne maiƙon da ke hana famfon cin kansa. Idan aka zuba man da ya haɗu da ruwa, ko ƙasa, ko aka gauraya shi da kananzir, famfon zai fara niƙa kansa, garin ƙarfen ya bi bututu ya shiga nozul shida, ya koma tanki. A irin wannan hali canza famfo kaɗai ba ya isa, sai an bi duk hanyar man an sauya ko an wanke.

Na biyu, matatar da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira DPF. Aikinta tare kunkunniya. In ta cika, kwamfutar motar tana ƙara mai don zafin salansa ya kai wajen digiri 600 ya ƙone abin da ya taru. Wannan kuwa yana bukatar doguwar tafiya a buɗaɗɗen titi. Motar da aikinta kai yara makaranta ne da tsayuwa a cunkoso ba ta samun damar kammala wannan ƙona, sai matatar ta toshe, man da aka ƙara ya zurara cikin baƙin man injin ya tsinka shi. Tsinkakken mai kuwa shi ke cinye turbo da mital. Bayan haka akwai tokar da wuta ba ta ci, wadda ke taruwa da shekaru har sai an ciro matatar an wanke ko an sayi sabuwa. Shi ya sa ma waɗannan injuna ke da nasu baƙin mai na musamman marar toka, ba kowane galan ake yi musu juye da shi ba.

Na uku, bawul ɗin da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin, wanda sannu a hankali ke cika hanyar iska da baƙin dasƙararren datti. Na huɗu, ruwan AdBlue, wanda ake fesawa cikin salansa don ya kashe gubar hayaƙi. Kashi 32.5 cikin ɗari nasa sinadarin yuriya ne, irin wanda manoma suka sani a taki, amma tatacce ƙwarai, sauran kuma tsarkakakken ruwa. Kar wani ya ce zai jiƙa taki ya zuba, domin zai kashe na'urar ne. Zafin rana yana rage wa wannan ruwa kwana, yana kuma da tankinsa da famfonsa da na'urorin aunawarsa, kowanne yana iya lalacewa. In ya ƙare, motar za ta fara ƙirga maka kilomitocin da suka rage, in sun cika ka kashe ta, ba za ta sake tashi ba. Haka doka ta sa aka tsara ta.

Su kansu masu ƙera motocin abin ya fi ƙarfin wasunsu. A ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata manhaja mai gane lokacin gwaji, sai ta rage hayaƙi, in an hau titi kuma ta saki. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa a duniya. A watan Nuwamba na shekarar bincike ya kai ga injin lita 3 da ke cikin Touareg da Q7 da Cayenne, wajen motoci dubu 80 a Amurka. Badaƙalar ta ci wa kamfanin sama da Yuro biliyan 30. Daga nan kasuwar dizal ta fara ja da baya a Turai. Birnin Hambog na Jamus ya hana tsofaffin motocin dizal bin wasu tituna a 2018, Landan ta ɗora musu harajin fam 12.50 a kullum a tsakiyar gari daga 2019, ta faɗaɗa shi zuwa duk birnin a 2023. Porsche ya daina yin motar dizal a 2018, Volvo ya bi sahu a 2024.

To, motar da aka ƙi a can ina take zuwa? Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Ga inda gizo ke saƙar. An ƙera waɗannan injuna ne don man Turai, wanda tun 2009 doka ta ce farar wuta da ke cikinsa kar ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Nijeriya kuwa ta shafe shekaru ƙa'idarta tana kashi 3,000. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, cikinsu har da Binin da Gana da Mali, ta samu wanda ya ninka ƙa'idar Turai sau 378. A ƙarshen shekarar Nijeriya da maƙwabta huɗu suka yi alkawarin saukowa zuwa kashi 50, aka yi ta jan ƙafa, ƙungiyar ECOWAS ta sake ɗaukar wannan matsaya a 2020. Ko an cika alkawarin, 50 ninki biyar ne na 10. Farar wuta tana kashe na'urorin salansa, tana saurin toshe matata, tana kuma ɓata baƙin mai. Ƙari a kan haka ga ƙurar hunturu, ga man bumburutu da ba a san inda ya kwana ba.

Kar kuma a manta cewa injin ɓangare ɗaya ne na motar. Yawancin irin waɗannan jif a kan balan-balan na iska suke zaune maimakon sifirin, kuma roba tana tsagewa da shekaru, in ta fara yoyo sai injin hura iskar ya yi ta aiki har ya ƙone, a wayi gari mota ta durƙusa. Akwai giya mai canza kanta wadda ke da nata mai na musamman, akwai manyan tayoyi da birki na motar da ta haura tan biyu, akwai kwamfutoci masu yawa da ke magana da juna, waɗanda ko batir aka canza wa wasu sai an sanar da su da na'ura. Mota tana faɗuwa a farashi, amma kayan gyaranta suna nan a farashin motar alfarma, kuma da kuɗin waje ake sayo su. Kowa ya ga yadda dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Shi ma man, litarsa ba ta kai Naira 300 ba a farkon 2022, amma kafin shekarar ta ƙare ta wuce 800, a lokacin da fetur ke ƙasa da 200 a farashin gwamnati, kuma ta haura 1,000 a ƙarshen 2023.

Adalci shi ne mu faɗi nata alherin. Injin dizal yana shan mai ƙasa da takwaransa na fetur da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, yana da ƙarfin jan kaya, kuma gangar jikinsa tana iya yin dubban ɗaruruwan kilomita. Wanda kullum yake kan doguwar hanya, yake da amintaccen gidan mai, yake yin juye kafin lokaci, kuma yake da ajiyar da zai fuskanci babban gyara ba tare da ya taɓa abincin gidansa ba, zai iya more ta. Abin tambaya shi ne, mutum nawa ne cikin masu sha'awarta suka cika waɗannan sharuɗɗa?

Wasu za su ce ai akwai mafita: a fasa matatar salansa, a toshe bawul, a shiga kwamfuta a kashe AdBlue, shi ke nan. Gaskiya ne ana yi. Sai dai hayaƙin da aka saki ba ya komawa Jamus, yana sauka ne a huhun ɗan acaɓa da mai talla da yaron da ke bakin titi. Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Kuma wanda ya yi wannan aiki, ko ya kashe fitilar gargaɗi ta dashbod, ko ya mayar da lambar kilomita baya, sannan ya sayar bai faɗa ba, ya yi algus, kuma ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne ko a mota ko a mudun gero.

Saboda haka kiranmu ga mai niyyar saye shi ne, kafin ya tambayi nawa ake sayarwa, ya fara zuwa wajen masu kayan gyara ya tambayi kuɗin nozul shida, da famfo, da turbo, da balan-balan huɗu, da taya huɗu. Ya haɗa su ya ɗora a kan farashin, wannan ne kuɗin motar na gaskiya. Ya tafi da bakaniken da ba na dillali ba, a sa mata na'ura, a tashe ta da sanyin safiya, a leƙa ƙarƙashinta, a bar ta ta kwana a ga ko za ta durƙusa. In lissafin ya fi ƙarfinsa, ƙaramar motar da kayanta ke ko'ina ba abin kunya ba ce. Jarin da zai buɗe shago ko ya biya kuɗin makaranta bai kamata ya ƙare a ƙarƙashin bishiyar gareji da tayoyi a sace ba.

Ga 'yan uwa makanikai, waɗannan motoci sun riga sun shigo, kuma wanda ya koyi karanta na'ura da zanen waya da gwajin nozul zai ci abinci da halaliyarsa, wanda ya tsaya a kan canki-canka kuwa zai yi ta jawo wa mutane asara. In aiki ya fi ƙarfinka ka faɗa. Ga direbobi, motar maigida amana ce: kar a sha mai a gefen titi don a rage canji, kar a ga fitila ta kama a yi shiru. Ga dillalai, ku faɗi abin da kuka sani, ribar da aka samu a kan jahilcin mai saye ba ta da albarka. Su kuma hukumomin da ke da alhakin ingancin mai da shigo da motoci, aikinsu ne su riƙa auna abin da ake zuba wa jama'a a gidajen mai, su bayyana sakamakon kowa ya gani, su kuma duba lafiyar abin da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa kafin ya hau titi.