Filin Lissafi: Layi Biyu Sun Ishi Kowane Taro

Lissafinmu na yau babu tarawa ko ɗebewa a cikinsa, sai hujja zalla.

A ce sabbin ɗalibai 40 ne suka taru a filin makaranta. Kowane biyu daga cikinsu, ko dai sun san juna, ko ba su sani ba. Mu ɗauka akwai jan zare tsakanin waɗanda suka san juna, shuɗin zare kuma tsakanin baƙin juna. Shin za mu iya jera su duka a layi biyu: jan layi, inda jan zare ya haɗa kowa da na bayansa, da shuɗin layi, inda shuɗi ya haɗa su?

Za mu iya, ko yaya zaren ya cuɗe. Masana biyu 'yan ƙasar Hangari, Gerencser da Gyarfas, sun nuna haka a 1967.

Ga yadda abin yake. Mu riƙa shigar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Layin da babu kowa, duk wanda ya zo ya fara shi. Yanzu a ce Audu ne ƙarshen jan layi, Binta ce ƙarshen shuɗi, sai ga Sani. In zarensa da Audu ja ne, ya tsaya bayan Audu. In zarensa da Binta shuɗi ne, ya tsaya bayanta.

To, in duka biyun sun ƙi fa? Wato zarensa da Audu shuɗi ne, da Binta kuma ja. Sai mu duba tsakanin Audu da Binta. In ja ne, Binta ta koma bayan Audu, Sani ya bi ta. In shuɗi ne, Audu ya koma bayan Binta, Sani ya bi shi. Kun ga babu wanda zai rasa gurbi, ko da mutum 1,000 ne.

In kuwa da'ira biyu ake so maimakon layi, abin ya fi wuya: sai a 2010 Bessy da Thomasse suka kammala hujjarsa.

Aikin wannan mako: ku ɗiga ɗigo 6, ku haɗa kowane biyu da jan biro ko shuɗi yadda kuka ga dama, sannan ku fitar da layukan biyu. Ku nuna wa malaminku na lissafi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.