Wasan Hokin Ƙanƙara: Kulob Ya Yi Ƙaura, An Bar Gari Da Bashi

A ranar 18 ga watan Afrilu na 2024 ne masu kulob-kulob na babbar gasar wasan hoki na kan ƙanƙara ta Amurka da Kanada, wadda aka fi sani da NHL, suka amince a kwashe 'yan wasan kulob ɗin Arizona Coyotes, da masu horar da su, a kai su birnin Salt Lake na Jihar Utah. Kwana guda kafin nan kulob ɗin ya yi wasansa na ƙarshe a wani ɗan zauren jami'a wanda ba ya cin 'yan kallo fiye da 5,000. Attajirin da ya saya, Ryan Smith, shi da matarsa, sun biya dala miliyan 1,200. Tsohon mai kulob ɗin, Alex Meruelo, ya karɓi miliyan 1,000, sauran miliyan 200 kuwa aka raba wa masu sauran kulob-kulob. Mutanen Arizona da suka shekara 28 suna sayen tikiti, waɗansunsu kuma suna biyan harajin da aka gina filin wasa da shi, ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Shi dai wannan wasa ana yinsa ne a cikin zaure mai rufi, a bisa daskararren ruwa, mutum shida a kowane ɓangare, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna korar wani ɗan faifan roba da sanduna zuwa raga. A Kanada ya girma, kuma a birnin Montreal aka kafa gasar NHL a 1917. Amma abin da ya kamata mai karatu ya fara fahimta shi ne tsarin gasar, domin ya sha bamban da na ƙwallon ƙafa da aka saba da shi. A gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya kulob yakan faɗo zuwa ƙaramin rukuni idan ya gaza, kamar yadda ya sami Kano Pillars a 2022, ya kuma hau idan ya yi ƙoƙari. A NHL babu hawa babu sauka. Kowane kulob dukiyar wani attajiri ne ko kamfani, kuma su masu kulob-kulob ɗin su ne ke da gasar kanta. Gari ba ya shiga da ƙwazon 'yan wasansa. Hanya biyu ce kawai: ko dai a sayar wa wani attajirin garin da sabon gurbi, ko kuwa a ɗauko kulob daga wani gari a kawo masa.

Daga 1942 zuwa 1967 kulob shida ne rak a gasar. A 1967 aka ninka su zuwa 12, kowane sabon shiga ya biya dala miliyan biyu. A 1979 aka karɓi waɗansu huɗu daga wata gasar da ta rushe, watau Edmonton da Winnipeg da Kwebek da Hartford. Da Seattle ta shigo a 2021 yawansu ya kai 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka.

Abin da ya juya akalar gasar zuwa kudu ya faro ne a watan Agusta na 1988, sa'ad da Edmonton ta sayar da Wayne Gretzky, gwanin gwanayen wasan, ga kulob ɗin Los Angeles. Nan da nan zauren Los Angeles ya riƙa cika, masu kulob-kulob suka ga ashe ana iya sayar da wasan ƙanƙara a inda ƙanƙara ba ta sauka. A 1993 suka ɗauko wani lauya, Gary Bettman, daga gasar ƙwallon kwando, suka naɗa shi kwamishina, da burin ya baza wasan a manyan biranen Amurka domin kamfanonin talabijin su biya kuɗi mai tsoka. A shekarar ce kulob ɗin Minnesota ya koma Dallas. A 1995 na Kwebek ya koma Denver, a 1996 na Winnipeg ya koma Phoenix, a 1997 kuma na Hartford ya koma Carolina ta Arewa.

Ba ƙiyayya ce tsagwaronta ta kori kulob-kulob daga ƙananan biranen Kanada ba, ko da yake mutanen can haka suka ɗauka. Akwai lissafi. Kulob ɗin Kanada yana karɓar kuɗin tikiti da dalar Kanada, amma yana biyan albashin 'yan wasa da dalar Amurka, ga shi kuwa a tsakiyar shekarun 1990 dalar Kanada ba ta kai kashi uku cikin huɗu na ta Amurka ba. Albashi na ta hauhawa ba tare da iyaka ba, zaurukan wasan kuma tsofaffi ne. A Winnipeg mutane kimanin 35,000 suka yi gangami a 1995, yara ƙanana suka fasa asusunsu suka ba da gudummawa, duk da haka shekara guda kawai aka ƙara. Na Kwebek ya fi ciwo. Gwamnatin lardin ta ƙi ɗaukar nauyin da mai kulob ya nema, aka sayar da kulob ɗin a kan dala miliyan 75, a shekararsa ta farko a Denver kuwa ya ci Kofin Stanley, kofin da mutanen Kwebek suka shekara 16 suna jira.

To, kulob ɗin Winnipeg ɗin nan shi ne ya zama Coyotes, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga ma'aikatan da ke riƙe da baitulmalin jama'a.

Phoenix babban birni ne a cikin hamada, shi da kewayensa sun kai kimanin mutum miliyan biyar, zafinsa a tsakiyar shekara kuwa ba ya jin kunyar na Sakkwato. Da farko kulob ɗin ya zauna haya a zauren da aka gina domin ƙwallon kwando, inda dubban kujeru ba sa hango raga ɗaya. Sai majalisar wani gari da ke yammacin birnin, Glendale, ta ci bashin dala miliyan 180 ta gina masa zaure, aka buɗe a 2003. Hujjar majalisar ita ce kantuna da otal-otal za su kewaye zauren, harajinsu ya biya bashin. Amma akasarin masu sha'awar wasan a gabashin birnin suke zaune, kuma ba kowa ke iya ratsa cunkoson motoci a daren ranar aiki ba. Kulob ya yi ta asara. A 2009 mai shi, Jerry Moyes, ya kai shi kotun masu karyewar jari, da niyyar sayar wa wani attajirin Kanada, Jim Balsillie, wanda ya so ya mayar da shi Hamilton a lardin Ontario. Gasar ta ƙi, ta sayi kulob ɗin da kanta a kan dala miliyan 140, ta riƙe shi har shekara huɗu.

A nan ne majalisar Glendale ta shiga tsaka mai wuya. In kulob ya tashi, zaure ya zama kango, bashi kuma yana nan. Saboda haka ta yarda ta biya gasar dala miliyan 25 a shekara, har sau biyu, domin cike gurbin asarar kulob ɗin, a daidai lokacin da take rage ma'aikata da ayyukan gari. Garin da ya gina gida domin ya samu kuɗin haya, ya koma yana biyan ɗan haya don kada ya fita. Sai a 2021 majalisar ta gaji, ta ce ba za ta sabunta yarjejeniya ba. A watan Disamba na shekarar har ta yi barazanar kulle ƙofa saboda harajin kimanin dala miliyan 1.3 da ba a biya ba, kafin kulob ɗin ya yi maza ya biya. Daga 2022 Coyotes suka koma zauren Jami'ar Jihar Arizona. Mai kulob ya nemi garin Tempe ya ba shi fili da rangwamen haraji ya gina sabon zaure da kasuwa, aka kai maganar gaban jama'a a watan Mayu na 2023, suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi. Wanda ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa ba ya bukatar dogon bayani. Wata 11 bayan wannan ƙuri'a kulob ya tashi.

Mai karatu zai iya cewa ai ke nan shirin kai wasan kudu ya faɗi. Ba haka ba ne, kuma adalci ya sa a faɗa. Dallas ta ci kofi a 1999, Carolina a 2006, Tampa Bay sau uku, Florida kuwa a 2024 da 2025. Daga 1993, da Montreal ta ci, har zuwa 2025 ba kulob ɗin Kanada da ya ɗaga kofin. Las Vegas, ita ma a hamada take, ta shigo a 2017, ta kai wasan ƙarshe a shekararta ta farko, ta ci kofi a 2023, zaurenta kuma 'yan kasuwa ne suka gina da kuɗinsu, haka ma na Seattle. Ko ita Arizona ba ta tashi a tutar babu ba: Auston Matthews, wanda ya jefa ƙwallo 69 a raga a kakar 2023 zuwa 2024 yana yi wa Toronto wasa, a Arizona ya girma, kuma kallon Coyotes ne ya sa masa son wasan. Saboda haka zafin gari ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce inda aka dasa zaure, da wanda ya biya kuɗinsa, da wanda asara ta faɗa wa.

Dubi yadda kuɗin shiga ya tashi. Las Vegas ta biya dala miliyan 500, Seattle miliyan 650. Tun daga 2013 ana raba kuɗin da gasar ta samu biyu daidai tsakanin masu kulob da 'yan wasa, amma kuɗin sabon gurbi ba ya cikin wannan rabo, masu kulob ne kaɗai ke cinsa. Ke nan gurbi shi ne hajar da ta fi kowace tsada a hannunsu, kuma haja ba ta tsada sai masu nema sun fi abin da ke kasuwa yawa. Duk garin da ke roƙon kulob bai samu ba yana yi wa gasar aiki biyu: yana ɗaga farashin gurbi, yana kuma zama abin tsoratar da majalisun garuruwan da ke da kulob idan lokacin gina sabon zaure ya zo.

Ba garin da ya nuna haka kamar Kwebek. Da mutanensa suka ga an mayar da kulob ɗin Atlanta zuwa Winnipeg a 2011, inda aka sayar da tikitin kaka 13,000 cikin 'yan kwanaki, sai suka ce saura su. Gwamnatin lardi da majalisar birni suka haɗa kuɗin jama'a, dalar Kanada kimanin miliyan 370, suka gina zaure mai cin mutum fiye da 18,000, aka buɗe a 2015, ba tare da wani alkawari a rubuce daga gasar ba. Kamfanin Quebecor ya shigar da takardar neman gurbi tare da Las Vegas. A watan Yuni na 2016 aka ba Las Vegas, aka ce Kwebek ta dakata, saboda raunin dalar Kanada, da kuma kulob-kulob sun fi yawa a gabas. Akwai dalilin da ba a cika furtawa ba. Kwebek da kewayenta ba su kai mutum miliyan ɗaya ba, kuma mutanenta sun riga suna kallon wasan a talabijin ko da kulob ko babu, don haka ba su da sabon ciniki da za su kawo. Zauren ya zama gidan kulob ɗin matasa da mawaƙa masu yawon wasa. A ƙarshen 2023 gwamnatin lardin ta ware dalar Kanada miliyan biyar zuwa bakwai domin kulob ɗin Los Angeles ya zo ya yi wasannin share fage guda biyu a 2024, ta kuma yi sanarwar ne a lokacin da malaman makaranta da ma'aikatan jinya ke yajin aiki a kan albashi. Surutun da ya biyo baya ba kaɗan ba ne.

Masana tattalin arziki da suka daɗe suna nazarin irin wannan gini a Amurka akasarinsu bakinsu ɗaya: kuɗin da iyali suka kashe a filin wasa kuɗi ne da da ma za su kashe a gidan abinci ko silima na garin, saboda haka ribar da ake yi wa majalisa alkawari da wuya ta cika. Abin da kulob ke ba gari da gaske shi ne suna da abin taruwa, kuma wannan ba abin rainawa ba ne, sai dai ya kamata a kira shi da sunansa sa'ad da ake neman amincewar masu biyan haraji.

Su ma mutanen Utah ba kyauta suka samu ba. Zauren da kulob ɗin ya sauka a ciki na ƙwallon kwando ne, kuma a kakar farko kujeru kimanin 11,000 ne kawai ke ganin filin sosai, watau irin cikas ɗin da aka fara da shi a Phoenix a 1996. A 2024 majalisar birnin Salt Lake ta ƙara rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan harajin ciniki har tsawon shekara 30, domin tara abin da ya kai dala miliyan 900 na gyaran zauren da unguwar da ke kewaye da shi. Birnin yana da abin da Glendale ba ta da shi: zauren a tsakiyar gari yake, mai kulob ɗin shi ne kuma mai kulob ɗin ƙwallon kwando na Utah Jazz, ga ƙanƙara, ga wasannin Olamfik na hunturu da birnin ya karɓa a 2002 aka kuma sake ba shi na 2034. A watan Mayu na 2025 aka raɗa wa kulob ɗin suna Utah Mammoth.

Shi kuwa Meruelo an ba shi wa'adin shekara biyar ya gina zaure a Arizona a mayar masa da gurbinsa, amma bayan an soke gwanjon filin da ya sa wa ido a watan Yuni na 2024 sai ya janye. A 2025 jaridun Amurka sun yi ta ambaton Houston da Atlanta a matsayin biranen da za a iya ba sabon gurbi, a kan kuɗin da suka ce zai kai dala miliyan 2,000. Atlanta ta taɓa rasa kulob sau biyu, a 1980 da ya koma Calgary, da 2011 da ya koma Winnipeg, amma ita da kewayenta sun haura mutum miliyan shida.