Ɗan Fil Ɗin Birkin Keke Bai Cancanci Raini Ba

Bahaushe ya ce ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Wannan magana ta dace da wani ɗan ƙarfe da ke cikin birkin kekunan zamani, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, kuma mahaya da yawa ba su ma san da zamansa ba.

Tsohon birkin da aka saba da shi roba ce ke matse bakin garen taya. Sabon kuwa, wato birkin faifai, yana da wani faifan ƙarfe a tsakiyar taya, tare da gidan birki mai ɗauke da takalma biyu. Idan mahayi ya matsa hannun birki, sai takalman su damƙe faifan daga gefe biyu, gogayya ta rage gudu. Irin wannan birki ya yaɗu a kekunan hawan duwatsu a ƙarshen shekarun 1990, kuma a shekarar 2018 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da shi a tseren titi. Yanzu ana cin karo da shi a cikin kekunan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu.

A yawancin waɗannan birkunan, abin da ke hana takalman zamewa su faɗi shi ne ɗan fil da ake zurawa ta hudar da ke jikinsu. Iri biyu aka fi sani. Akwai mai ƙafa biyu, wanda ake lanƙwasa bakinsa da filaya bayan an zura shi. Akwai kuma mai zare kamar sukuru, wanda ake ɗaurewa sannan a maƙala masa ɗan makulli a ƙarshensa. Fil ɗin ba shi ke ɗaukar nauyin tsayar da keke ba, gidan birki ne ke tokare takalman. Wannan ne ma ya sa ake raina shi. Amma ran da ya fice, takalmi na iya faɗuwa a hanya, mahayi ya matsa birki ya ji wayam.

Lissafi zai nuna girman haɗarin. Mahayi da kekensa masu nauyin kilo 80, idan suna gudun kilomita 30 a sa'a, suna ɗauke da makamashin motsi kusan jul 2,800, kuma dole ne birki ya mayar da shi zafi kafin su tsaya. Idan gudun ya ninka sau biyu, makamashin ninkawa yake yi sau huɗu. Yaron da ya rasa birkin gaba a gangare ya rasa mafi ƙarfin birkunansa biyu, domin a lokacin tsayawa nauyi kan koma kan tayar gaba.

Saboda haka ya kamata duk lokacin da aka canza takalman birki a sa sabon fil mai ƙafa biyu, a jefar da tsohon. Dalili yana cikin halin ƙarfe. Duk sa'ad da aka lanƙwasa ƙarfe ya ƙi komawa yadda yake, tsarin ƙwayoyinsa ya gurɗe a wurin, sai wurin ya ƙara tauri, ya rage juriya. In aka miƙe shi aka sake lanƙwasawa, ƙananan tsage da ido ba ya gani kan fara buɗewa, girgizar hanya kuma ta ci gaba da faɗaɗa su. Masana na kiran wannan gajiyar ƙarfe. Ita ce ta karya sandar ƙafafun wani jirgin ƙasa kusa da Basai a Faransa a 1842, mutane da dama suka halaka. Ita ce kuma ta tarwatsa jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila a 1954. Shi ya sa a ƙa'idar gyaran jiragen sama ba a mayar da irin wannan fil bayan an cire shi.

Mai gyaran keke zai iya cewa kayan gyara na da wuyar samu, kuma ya sha toshe hudar da ƙusa ko guntun waya ba tare da wani ya koka ba. Uzurinsa na da tushe, kuma dabarar makanikanmu ita ta raya kekunan da wasu ƙasashe suka zubar. Sai dai ƙusa ba ta da abin da zai hana ta zarewa, siririyar waya kuma tana barin takalmi ya riƙa rawa har ya cinye ta. Rashin ƙorafi ba shaida ba ce, domin gajiyar ƙarfe ba ta ba da sanarwa. Ga shi kuma kamfanoni irin su Shimano kan haɗa sabon fil a cikin kwalin wasu takalman, kuma ana samun irinsa a shagunan kayan mota da babur, muddin kaurinsa ya dace da hudar. Shi kuwa mai zare ana iya mayar da shi in bai karkace ba kuma makullinsa na nan.

Makaranta na da rawar takawa. Malamin kimiyya zai iya raba wa ɗalibai guntayen waya masu kauri ɗaya, kowa ya riƙa lanƙwasawa yana miƙewa yana ƙirgawa har ta karye, sannan a taɓa wurin a ji ɗuminsa. Ɗalibin da ya yi wannan gwaji da hannunsa ba zai yarda a mayar masa da tsohon fil ba. Kafin ya hau keke da safe, ya leƙa gidan birki ya tabbatar fil yana nan kuma bakinsa a lanƙwashe yake, ya duba cewa naman takalmin bai gaza rabin milimita ba, sannan ya matsa birki yana tura keken. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba, rigakafi kuwa ya fi magani.