Karatu a Gida: Wane Gidan?

Masu kiran iyaye su janye 'ya'yansu daga makarantun gwamnati su koyar da su a gida, muna tambayarsu: wane gidan? Na leburan da ke fita tun asuba, ko na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000? Da me zai biya malami, ya sayi littattafai? Mun ga zahiri a 2020, da korona ta rufe makarantu: rediyo ya karanta darasi, amma bai duba rubutun kowa ba. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta ilimin shekara tara kyauta. Azuzuwanmu na yoyo, ba mu musa ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.